Diskin da Bai Amsa Kira Ba

Litinin, 16 ga Afrilu 2001, bayan azahar

Kwamfuta ba ta tashi ba. Na kunna ta da safe kamar kullum, ta yi ƙararta guda ɗaya, ta ƙirga ƙwaƙwalwarta har ƙarshe, fitilun kibod suka haska. Sai ta zo layin da take rubuta sunan babban diski, wanda duk aikina yake cikinsa. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta rubuta da Turanci cewa babu.

Shekara biyu ina ganin sunan diskin nan a wanga layi kowace safiya, ban taɓa karanta shi da kyau ba. Yau na so in tuna shi, na kasa.

Na kashe na kunna sau goma sha ɗaya. Ɗalibai biyu sun kawo aikin bugawa, na ce su dawo gobe.

Jiya Lahadi ban buɗe shago ba, amma ina ciki. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, 17 ga Afrilu, da hantsi

Bari in rubuta abin da ke cikin diskin, ko zuciyata ta daina nanata mini shi.

Baba Ladan na Gurbin Bore tsohon malamin dabbobi ne. Yana saurayi aka ɗauke shi jan sarƙar awo, lokacin da aka shata burtalin da shanu ke bi su sauka fadama su sha ruwa, su wuce ta wajen Shinkafi. Duk waɗanda suka yi aikin sun rasu, shi kaɗai ya rage. Takardun da aka rubuta a lokacin gara ta cinye. Duwatsun da aka kafa, wasu an tumɓuke, wasu rairayi ya binne.

Wata shida yana shigowa Ƙaura duk Laraba. Ya zauna a kujerar nan ta kusa da taga, ya jingine sandarsa, yana faɗa ina bugawa. Kowace tsamiya, kowace rijiya, taku nawa daga wannan zuwa waccan, wa ya tsaya shaida a ɓangaren manoma, wa ya tsaya a ɓangaren Fulani. Shafi tamanin da huɗu. Ya hana ni fitarwa a takarda, ya ce sai na karanta mishi daga farko ya yi gyara. Muka sa rana. Kafin ranar ta zo, bayan Babbar Sallah, jikinsa ya shanye ta gefen dama, baki ya ɗauke.

Ya taɓa kawo mini kwalin disket guda goma, ya ce ya ji ana kwafe aiki a ciki saboda tsautsayi. Na ce, "Baba, kada ka damu, kwamfuta ba ta mantuwa." Disket ɗin ɗalibai na raba ma.

Laraba, 18 ga Afrilu, da safe

Babu. Na kunna sau shida. Babu.

Alhamis, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Arɗo Sabo ya zo, shugaban Fulanin da ke zaune yamma da Gurbin Bore. Shi ya fara kawo Baba Ladan shagon nan. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya ƙi kujera, ya tsuguna.

Ya ce, "Malam Armiya'u, an sa rana. Kwamitin burtali zai zauna a Zurmi talatin ga wanga wata. Sun ce mu kawo abin da Ladan ya faɗa a rubuce, ya dangwala yatsa."

Na ce to.

Ya ce, "Bara saura kaɗan a zubar da jini. Bana in ruwa ya sauka ba a shata hanya ba, manoma za su shuka har bakin fadama. Ni ina iya riƙe dattawa. Samari ba ni iya riƙe su in shanu suna kukan ƙishi."

Na ce mishi tawadar firinta ce ta ƙare, an tafi sawo mini a Gusau. Ya yi godiya. Ya bar mini ƙwaryar nono, har yanzu tana nan ƙarƙashin tebur ban iya taɓawa ba.

Asabar, 21 ga Afrilu, da rana

Yaya Turai, babbar ɗiyar Baba Ladan, ta iso da azahar a gajiye. Tun safe take tasha tana jiran motar mata ta cika, tunda yanzu ba a haɗa su da maza. Malamar firamare ce, ta san takarda. Ta ce in buɗe mata ko a fuskar kwamfuta ne ta gani.

Na ce babu wuta. Fanka na juyawa a samanmu. Ta ɗaga kai ta dube ta, ta dube ni.

Na ce kwamfutar ce ta ɗan samu matsala, ƙarama ce.

Ta ce, "Armiya'u, Baba ba ya magana, amma yana ji. Kullum sai ya nuna ƙofa da hannun hagu, ya yi kamar mai rubutu. Mi zan ce mishi?"

Na ce ta ce mishi mako mai zuwa.

Litinin, 23 ga Afrilu, da yamma

Na kai kwamfutar wurin mai gyaran rediyo na bakin tashar jirgi. Ya buɗe, ya hura ƙura, ya shinshina, ya ce shi bai ga abin da ya ƙone ba kuma bai san abin da zai nema ba. Ya ce duk ƙasar nan mutum ɗaya ya san cikin kwamfuta, wani Nuhu a Shinkafi da ya koyo a Kaduna, kuma ranar kasuwa kaɗai ake samunsa a shago.

Kafin in kai ta, na cire abubuwa biyu daga cikinta na naɗe a tsumma na tura bayan kabad. Ba ta zo da su ba.

Talata, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Yau aka yi ma wani bulala a filin kotu, gari ya tafi kallo. Ban je ba. Na rufe shago na zauna a ciki ina jin hayaniya daga nesa. Matata Murja ta ce mi ya hana ni cin abinci kwana uku, na ce zafi ne.

Alhamis, 26 ga Afrilu, bayan la'asar, a cikin motar dawowa

Na rungumo akwatin kwamfutar a cinya tun daga Ƙaura har Shinkafi, tsakanin buhunan albasa da wani mai kai raguna. Shagon Injiniya Nuhu yana bayan 'yan batir, ɗan ƙarami, duhu, cike da mutanen Nijar masu kawo rediyo. Injiniyan gajere ne, yana da ido ɗaya mai ɗan hakiya, ba ya gaggawa.

Ya cire diskin, ya sa mishi wuta, ya kara a kunne. Ya ce, "Yana juyawa. Bai mutu ba."

Na ce to mi ya sa Windos ba ta ganinsa?

Ya ce, "Windos ba ta ma farka ba tukuna, ai cikin diskin take kwana. Zauna in gaya maka. In ka danna maɓalli, akwai wani ɗan ƙaramin shiri da ke zaune a kan bod, ana ce mishi bayos. Shi ke fara tashi. Ya duba ƙwaƙwalwa, ya duba katin hoto, ya taɓa kibod ya ji ko yana nan. Ƙarar nan ɗaya da kake ji, cewa yake ya samu waɗanda dole sai da su. Sannan ya aika tambaya ta cikin faffaɗar wayar nan: wa ke nan? Diski mai lafiya sai ya ba da amsa, ya faɗi sunansa da girmansa. Bayos ya rubuta, ya shiga ciki ya tada Windos, ya miƙa mata jerin abin da ya samu. Ita kuma ta sake bi ɗaya bayan ɗaya. Kowane kati yana da lambar da aka yi shi da ita. Ta tambaye shi, ya faɗa, ta duba cikin littafinta ta ɗauko direban da ya san yarensa. In ba ta da shi, shi ne take ce maka ta ga sabon abu, ka kawo faifai. To naka an yi kira, bai amsa ba. Ko dai kiran ba ya isa gare shi, ko amsar ba ta fitowa."

Ya juya diskin a hannu. Ya ce, "Wani ya buɗe kwamfutar nan? An cire waya, an ƙara wani abu?"

Mutane shida ne a shagon, ɗaya da koren kayan 'yan agaji, ya kawo lasifikar masallaci.

Na ce a'a. Na ce wuta ce aka kawo da ƙarfi.

Ya ce in wuta ce, to ɗan bod ɗin da ke manne a cikin diskin ne ya ƙone, sai an samo irinsa sak a canza. Zai ba wani direban mota da ke zuwa Kano sallahu. Mako ɗaya.

Mako ɗaya. Zaman Zurmi saura kwana huɗu.

Juma'a, 27 ga Afrilu, bayan masallaci

Liman ya yi huɗuba kan amana. Na zauna a sahun baya. Na san ba da ni yake ba.

Lahadi, 29 ga Afrilu, da rana

Na tafi rugar Arɗo na gaya mishi kwamfuta ta lalace, wuta ta ƙona ta, ana gyara. Wani ɗan ƙanensa, Gado, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana gefe yana tufkar igiya. Shi ya yi magana. Ya ce, "Baffa, na gaya maka maganar da aka zuba cikin ƙarfe ba ta fitowa."

Arɗo ya ce mishi ya yi shiru. Ya ce mini, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Wuta ba ta shawara da kowa."

Da ya zage ni da ya fi mini.

Litinin, 30 ga Afrilu, da yamma

An ɗage zama zuwa sha huɗu ga Mayu. Manoma sun ce Fulani ba su da hujja, ja da lokaci kawai suke. Hadari ya taso ta gabas da la'asar, iska ta watsa shi. Ban taɓa roƙon Allah Ya jinkirta ruwa ba sai yau. Astagfirullah.

Alhamis, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Bod ɗin da aka kawo daga Kano ba irinsa ba ne, lamba ɗaya ta bambanta. Injiniya ya ce in ya ɗaura shi zai iya kashe diskin gaba ɗaya. Ya mayar, a sake nema. Wani makon.

Ya sake tambayata, a hankali, yana goge gilashinsa. "Ka tabbata wuta ce? Ban ga alamar ƙuna ba."

Na ce na tabbata.

Mi ya sa na ce na tabbata? Babu kowa a shagon wannan karon. Babu kowa, sai ni da shi.

Asabar, 5 ga Mayu, da safe

Ruwa ya sauka da asuba, mai yawa. Yara suna ta ihu a layi. Ƙasa tana ƙamshi. Na zauna a bakin gado Murja tana tara ruwan indararo tana murna.

Lahadi, 6 ga Mayu, da yamma

Na tafi Gurbin Bore duba Baba. Tun daga Birnin Tsaba gonaki cike suke da mutane, mai sara na gaba, mai zuba iri na biye. Na ga tsamiyar da ya ce ita ce dutse na goma sha bakwai. An shuka har gindinta, an wuce.

Yana kwance a zaure kan tabarma, ya rame. Da ya gan ni rabin fuskarsa ya yi murmushi. Ya dubi hannuwana. Babu komai a cikinsu. Ya kama wuyan hannuna da hagunsa ya riƙe, ya daɗe, yana ƙoƙarin faɗin wani abu, yawu na zubowa Yaya Turai na gogewa. Na yi ƙoƙarin tuno shafukan in rubuta da hannu. Na tuna tsamiya da rijiyar Magaji da wani kurna mai rassa biyu. Taku nawa, sunan wa, duk sun tafi. Ni bugawa kawai nake yi, ban saurara ba.

Talata, 8 ga Mayu

Ban buɗe shago ba.

Laraba, 9 ga Mayu, da azahar

Direbobin Zurmi ne suka kawo labari. Jiya da hantsi shanu sun bi ta inda suka saba bi. Akwai shuka a wurin. An fito da gatura, an fito da sanduna. Mutum huɗu suna asibiti, biyu daga kowane ɓangare. An kama wasu.

Na tambayi sunaye. Direban bai sani ba sai ɗaya, wanda aka sara a ka, shi ya ɗauko shi a motarsa. Gado.

Ya Allah. Ya Allah.

Bari in rubuta, tunda na kasa faɗa. Ranar Lahadin nan, sha biyar ga Afrilu, na rufe ƙofa ta ciki na buɗe kwamfuta. Sha'aibu abokina ya ara mini injin sidi da katin sauti da fayafayen Indiya guda uku. Tun da aka rufe gidajen kallo aka ƙona kasa-kasai ban ga fim ba, shi ke nan dalilin, babu wani. Na cire faffaɗar wayar diski don in haɗa injin. Da zan mayar ta ƙi shiga, ta karkace, na danna da babban yatsa da ƙarfi. Na ji wani ɗan ƙas. Ko fim ɗin ban gani ba.

Na ji tsoron bulala, na ji tsoron a ce Armiya'u mai jan sallah a masallacin layi ne aka kama da fayafaye. Na fi jin tsoron Baba Ladan ya ji.

Alhamis, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Na isa Shinkafi kafin Injiniya ya buɗe shago. Yana saka makulli na ce, "Injiniya, ƙarya na yi maka. Ba wuta ba ce." Na faɗa mishi duka a tsaye a bakin ƙofa, har da fayafayen.

Ya shiga, ya ɗauko diskin daga aljihun tebur, ya fito da shi rana, ya sa gilashin masu gyaran agogo a idonsa mai kyau. A bayan diskin akwai allurai jere biyu, inda waya ke shiga. Ya bi su da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan wata kusa da gefe, ta motsa.

Ya ce, "Ga ta. A ido tana tsaye kamar sauran, amma ta rabu da gindinta. Ta nan amsa ke bi."

Ya sa ƙarfen liƙi a wuta. Ɗigon dalma ɗaya. Ban ce ya kai minti biyar ba.

Ya matsar da wani ɗan marfi a bayan diskin don ya zauna a matsayin na biyu, kada ya yi gardama da nasa, ya haɗa shi a kwamfutarsa ya kunna. Ƙara ɗaya. Ta ƙirga ƙwaƙwalwa. Ta rubuta sunan diskinsa. Ta sauko layi na biyu ta tsaya.

Sai sunan ya fito, da girmansa a gefe.

Windos ta tashi, ta yi ɗan jim, ga shi ta sa shi a jerin diskoki. Ya buɗe. Ga fayil ɗin: Burtali Baba Ladan. Ya kwafe a disket uku, ya ba ni biyu ya riƙe ɗaya.

Na fashe da kuka a gaban masu rediyo. Ya jira na gama. Ya ce, "Da ka faɗa mini ranar farko, da kafin ka sha ruwa na gama. Ni mi ya dame ni da abin da kake kallo? Tambaya na yi maka don in san inda zan duba."

Na ce mishi akwai wanda aka sara.

Ya cire gilashin ya ajiye. Ya ce, "Wannan ba ni da dalmarsa. Tashi ka tafi ka buga."

Juma'a, 11 ga Mayu, bayan masallaci

Na mayar da diskin cikin tawa, na sa wayar a hankali kamar mai sa ma jariri riga. Ta tashi. Ta ga kibod, ta ga firinta, ba ta tambayi komai ba. Kwafi huɗu na fitar. Ina tsaye takardu na fitowa da ɗumi, ina karanta kowace. Wannan ne karo na farko da na karanta abin da na buga.

Na mayar ma Sha'aibu kayansa.

Asabar, 12 ga Mayu, da yamma

Na karanta ma Baba daga shafi na ɗaya har na tamanin da huɗu, tun hantsi har la'asar, muka tsaya salla kawai. In daidai ne ya lumshe ido. Sau uku ya buga tabarma da hannu, Yaya Turai ta yi ta jero mishi lambobi da sunaye har ya lumshe, na gyara da biro. Aka shafa mishi tawada a babban yatsan hagu ya dangwala a kowane kwafi, liman da mai gari suna shaida.

A ƙofar gida Yaya Turai ta ce mini Gado ya cika jiya da rana.

Na jingina da bango. Na faɗa mata abin da na faɗa ma Injiniya, ban rage komai ba.

Ta ce, "Na san ƙarya kake tun ranar fanka. Ban san girmanta ba."

Na ce zan koma in gaya ma Baba.

Ta tare ƙofar da hannu. Ta ce, "Ba za ka shiga ba. Don ka samu sauƙi za ka ɗora ma mutumin da ba ya iya ko amsa maka? In kana neman wanda za ka gaya ma, uwar Gado tana nan da rai."

Litinin, 14 ga Mayu, bayan la'asar

An yi zaman a Zurmi, ni aka sa in karanta. Da na kai dutse na goma sha bakwai na karanta sunan shaidan manoma, wani tsoho a sahun gaba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tsaya. Wanga ubana ne. Ina wurin, ni na riƙe mishi buta." Ya juya ga mutanensa ya ce musu hanya ce, ya daɗe da sani, ya yi shiru ne don gonar ɗansa na ciki.

Daga nan ba a yi doguwar gardama ba. Jibi za a fita da sarƙa a bi shafi-shafi. Waɗanda suka shuka a ciki za a ba su wuri a gefen daji.

Arɗo ya riƙe hannuna da hannu biyu a gaban jama'a yana sa mini albarka. Na ce mishi ina son zuwa ruga, akwai maganar da zan yi, da shi da mahaifiyar mamaci.

Laraba, 16 ga Mayu, da yamma

Na je. Uwar Gado tana zaune a inuwar bukka, tsohuwa siririya, matar Gado na bayanta da goyo. Ba ta jin Hausa sosai, Arɗo ne ya yi tafinta. Na durƙusa na ce, "Inna, takardar da aka karanta shekaranjiya, da an karanta ta tun kafin ruwa. Ni na hana." Na faɗi yadda aka yi. Da na zo kan ƙaryar wuta, muryar Arɗo ta tsaya. Ya dube ni. Sannan ya ci gaba da fassarawa, bai sake dubana ba.

Ta yi tambaya. Arɗo ya ce, "Ta ce ƙarfen da ka karya, yaya girmansa?"

Na tsinko ɗan tsinken ciyawa na gutsure shi, bai kai tsawon farce ba. Na ɗora a tafin hannu na miƙa mata. Ta ɗauka da yatsa biyu, ta kai kusa da ido, ta juya shi. Matar Gado ta tashi ta shige bukka.

Tsohuwar ta yi magana mai tsawo. Arɗo ya ce, "Ta ce ba kai ka ɗaga gatari ba, kuma kwanansa ne ya ƙare. Ta ce amma yau ba ta iya ce maka ta yafe, kada ta yi maka ƙarya ita ma. Ka dawo bayan arba'in ka sake tambaya."

Na ce zan dawo.

Arɗo ya raka ni har bakin hanya. Can ƙasa ana jan sarƙa, mutum biyu na haƙa ramin dutse a gindin tsamiya. Ya tsaya yana kallonsu. Ya ce, "Gobe za su kai rijiyar Magaji, kuma babu mai karanta musu da sauri. Ka zo da wuri."

Bai miƙo mini hannu ba. Na ce ƙarfe nawa, ya ce da fitowar rana.